Gyaran Unguwa a Cikin Birni: Ta Ina Ake Kama Bakin Zaren?

A ƙasashen Turai, idan aka ce tsakiyar gari ta mutu, ana nufin shaguna sun rufe, tituna sun yi tsit, jama'a sun kwashe sun koma gefe. Tsofaffin biranenmu ba irin wannan ciwon ke damunsu ba. Shiga cikin birnin Kano ta Ƙofar Mata ko ta Ƙofar Wambai da la'asar, ka ga ko za ka sami masakar tsinke. Mutane na nan maƙil, kullum ma ƙaruwa suke yi. Dukiya ce ta fita. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ciniki mai nauyi ya fara gangarawa bayan ganuwa, har aka wayi gari Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa sun ɗauke abin da Kasuwar Kurmi ta riƙe tun zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Masu hali su ma suka bi sahu. Wanda duk Allah ya buɗa wa sai ya yanki fili a Nasarawa ko Hotoro ko Rijiyar Zaki, ya bar gidan kakanni a hannun gwaggo da ƙanne da 'yan haya. Yakan leƙo ranar Juma'a ko ranar Sallah, ya gaisa, ya tsallake kwata yana toshe hanci, ya kama gabansa.

Saboda haka maganin da aka haɗa wa Landan ba zai yi mana ba kai tsaye. Namu aikin shi ne riƙe mutanen da ke nan cikin mutunci, da dawo da kuɗi da kulawa wurin da suka guje wa. Wannan jagora ta 'yan ƙungiyar unguwa ce, da masu unguwanni, da kansiloli, da matasan da suka karanta tsara birane ko zanen gini suna neman inda za su gwada iliminsu. Misalan na Kano ne, amma mutumin birnin Zariya ko Katsina ko Birnin Damagaram zai ga gidansu a ciki. Tun daga nan kuma gara a san inda na dosa: aikin yana da jeri. Ruwa ne farko, sai gida, sai kasuwa, ado kuwa can ƙarshe. Yawancin ayyukan da suka lalace daga wutsiya aka faro su, da fenti da babbar ƙofa mai allo ɗauke da sunan wanda ya ba da kwangila.

Lungu nawa za ku ɗauka?

Kada ku ce za ku gyara Yakasai ko Mandawari gaba ɗaya. Ku ɗauki lungu ɗaya da rassansa, gida 30 zuwa 100, inda kowa ya san kowa kuma wanda ya ƙi ba da gudummawa zai ji kunyar haɗuwa da sauran a masallaci. Wajen shata iyaka kada ku bi ta mazaɓa. Ku bi ta ruwa: duk gidajen da kwatarsu ke haɗuwa ta fita ta baki ɗaya, aikinsu ɗaya ne, ko da rabinsu na ƙarƙashin wani mai unguwar daban.

Kafin a ɗaga diga, a je gaisuwa. Mai unguwa da liman ne farko, su za su kai maganar sama. Ku je da ƙaramar buƙata wadda ba ta tsorata kowa: "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema da shawara, kwatar lungunmu muke so mu gyara da hannunmu." Kada kalmar faɗaɗa hanya ta fito a zaman farko. Mutumin cikin birni da ya ji ta, rusau yake ji, kuma yana da hujja.

Kwamiti ya zama ƙarami, amma kada ya zama na masu gida kaɗai. A sa ɗan haya, a sa magini, a sa mai shago, a sa ɗaya daga samarin nan da ake kuka da su, domin ko ba komai su ne masu ƙarfin haƙa, kuma abin da suka gina da guminsu ba sa bari a ɓata. Sai mata. Taron da ake yi a ƙofar masallaci bayan lisha ba ya kaiwa gare su, alhali su ke zubar da ruwan wanke-wanke, su ke sanin ɗakin da ke yoyo, kuma rabin sana'ar unguwar, daga ɗinkin hula zuwa ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa, a tsakar gidajensu ake yin ta. A yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya ko a gidan wata dattijuwa, mace ta rubuta abin da aka ce, a karanta shi a taron maza kamar yadda aka faɗe shi.

Daga nan sai bincike, kuma lokacinsa watan Agusta ne, sa'ad da damina ta kankama. Ku buga hoton unguwar na tauraron ɗan'adam a babbar takarda, ku sa wa kowane gida lamba. Da an ɗauke ruwan sama ku fita da ƙafa ku bi shi: ina yake gudu, ina yake tsayawa, wane zaure yake shiga. Ku sa alama da gawayi a jikin katanga daidai inda ya kai. Sannan ku sami tsofaffi. "Baba, da can ruwan nan ina yake zuwa?" Sau da yawa amsar guda ce: akwai kududdufi a nan, cike shi aka yi aka yi gini. Kududdufan birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, kuma su ke shanye ambaliya. An cike da yawansu da shara an yanka filaye, ruwan kuwa bai daina zuwa ba. Idan akwai wanda ya rage a yankinku, ku tsare shi da duk ƙarfinku, a yashe shi, a kewaye shi saboda yara.

A kowane gida ku rubuta mutum nawa ke kwana, mai gidan na raye ko gidan gado ne, wane irin masai ne, akwai rijiya ko babu, wace sana'a ake yi a ciki, wace katanga ce ta tsage. Kada ku tambayi abin da mutum ke samu. Da kun tambaya an ɗauke ku 'yan haraji, ƙofofi kuma sun rufe.

Ruwa

Akwai darasi daga Orangi, wata ƙatuwar unguwar talakawa a Karachi ta Pakistan. A 1980 Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a can wanda ya raba aikin magudanar ƙazanta gida biyu, na ciki da na waje. Na ciki, wato masai da bututun gida da magudanar lungu, mutanen lungun ne ke tara kuɗi su yi da kansu, su zaɓi ɗayansu ya jagoranta, masana kuma su ba su awo da kayan aiki. Na waje, wato babbar magudana, wannan na hukuma ne. Ta haka dubban lunguna suka sami magudana a kan kuɗi kaɗan. Rabon ya dace da mu. Kwatar lungu taku ce. Lambatu da kwalbati da Jakara, wadda ruwan yawancin birni ke gangarawa cikinta, na gwamnati ne. Kada ku zauna jiran gwamnati ta yi naku, kada kuma ku kashe kanku a kan nata.

A fara daga ƙasa, daga bakin da ruwan zai fita, a riƙa hawowa. Wanda ya faro daga sama ya tura wa maƙwabcinsa ambaliya, kuma faɗa ya samu. Awon gangare ba ya buƙatar na'ura. A sami siririn tiyo mai garai-garai, kamar mita 15, a cika shi da ruwa har kumfar iska ta fita duka. Mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin sanduna biyu, ɗaya a nan ɗaya a can. Ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a duka ɓangarorin, sai a auna daga kan ruwan zuwa ƙasa a kowace sanda. Bambancin shi ne gangaren wurin. Ana neman kwata ta sauka kamar santimita 1 a kowace mita. A buga turaku, a ja igiya, birkila ya bi igiyar, kada ya bi idonsa. Gindin kwatar a yi shi kamar ƙwarya, ba shimfiɗaɗɗe ba, a shafe shi sumul, yadda ɗan ruwan rani ma zai iya jan dauɗa ya tafi da ita. Murfi kuwa ya zama guntaye waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Kwatar da aka rufe da kankare ɗaya dogo, ranar da ta toshe sai an fasa ta. A kowace kwana a bar ɗan rami mai zurfi inda yashi zai kwanta a riƙa kwashewa, a bakin kowane gida kuma a sa raga ta tare leda da ƙasusuwa.

Abubuwa biyu kada su shiga kwata. Na farko ruwan masai. Na biyu robobin famfo da ake shimfiɗawa a cikinta don sauƙin aiki. Duk inda robar ta huje, idan aka ɗauke ruwa sai ta zuƙi ƙazanta, daga nan amai da gudawa ke shiga gidaje. A ɗaga su a bi da su ta jikin katanga. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A cikin birni wannan ba mai yiwuwa ba ne, gidan ma duka bai kai haka ba. Mafita ita ce a gina ramin masai da bulo a shafe shi, a bar rijiyar gida ga wanki da wanka, ruwan sha kuma a haɗa kai a kan rijiyar burtsatse ɗaya a tudu. Kuma a tuna da masu kwasar masai, waɗanda Kanawa ke tsokana da "gidan kowa da akwai": duk ramin da aka gina sai an bar musu hanyar isa gare shi.

Ga wani kuskure da ake yawan yi bayan an gama kwata. Sai a kawo tifa ta juye ƙasa a lungu, a shimfiɗa intalok a kai, kowa ya yi murna. Damina ta farko ruwa ya cika zauruka. Lungunan birni tun da ma sun hau sama da daɓen gidaje, saboda shekaru aru-aru na ƙasa da toka da aka riƙa zubawa. Kwashe ƙasa ake yi kafin a shimfiɗa, har saman intalok ɗin ya tsaya aƙalla taƙi ɗaya ƙasa da dokin ƙofar gidan da ya fi kowane kwari. Intalok ya fi kankare a lungu, don idan bututu ya fashe ana cire shi a mayar.

Shara kuma idan ba ta da wurin zuwa, kwata za ta koma. A ɗauki samari masu baro, kowane gida ya riƙa biyan wani abu a mako, a samu matattara ɗaya a bakin titi inda motar hukumar kwashe shara, REMASAB, za ta iya tsayawa. A garin Mopti na Mali, bayan gidauniyar Aga Khan ta gyara babban masallacin ƙasa na unguwar Komoguel, ta ci gaba da magudanan unguwar, har aka shimfiɗe lunguna da tubalan da aka yi da narkakkiyar leda da yashi. Ledar fiya wata da ta addabe mu ke nan.

Gidan gado

Nan ne ainihin ƙullin, kuma nan ne masu tsara birane suka fi kauce wa, don ba a koyar da shi a jami'a. Kaka ya rasu ba a raba gado ba. 'Ya'yansa su ma sun rasu, gado ya hau kan gado, yanzu gida ɗaya na da magada 40, wasu a Legas, wasu a Jidda. Wanda ke zaune a ciki ba shi da kuɗin gyara. Mai kuɗin gyara ba ya zaune a ciki. In kuwa ya yi ta maza ya sa kwano, gobe magana ta zagaya dangi: "Kun ji Yaya ya fara gini? So yake ya cinye gidan." Sai ya janye hannunsa. Katanga ta ci damina uku, ta huɗu ta faɗi, wani lokaci a kan mutane.

Mataki na farko shi ne a raba a takarda ba tare da an raba a ƙasa ba. A sami malamin da ya san ilimin gado, ko a je kotun shari'a, a fitar da kason kowa a rubuce. Zargi yana raguwa sosai da zarar kowa ya ga nasa. Bayan haka hanyoyi na da yawa. Ana iya rubuta cewa abin da wani magaji ya kashe a gyara bashi ne a kan gidan, za a fitar masa duk ranar da aka sayar, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. Ana iya barin masu hali su sayi kason waɗanda ke son kuɗi. A fiƙihun Malikiyya ma haƙƙin shuf'a ya ba abokin tarayya fifiko a kan bare. Ana iya fitar da shago ɗaya ta gaba, hayarsa ta tafi ga yaɓe da rufi kaɗai. Inda dangi suka yi yawa ƙwarai har kason mutum bai kai faɗin tabarma ba, a yi tunanin mayar da gidan wakafi, ko na zuriya ko na makaranta. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi da za a iya tuntuɓa.

Mafita biyu ne nake ganin sun fi cutar da unguwa. Ɗaya a yayyanka gidan da bulo, kowa da ɗan ɗakinsa da ƙofarsa da masansa, tsakar gida ta ɓace, iska ta ɓace. Ɗayar a sayar wa ɗan kasuwa ya mayar da shi sito. Sito ba ya zuwa jana'iza, ba ya biyan kuɗin shara, da dare kuma lungun ya zama kufai.

Maganar takarda ma a yi ta tare. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, yawancin gidajen cikin gari kuwa ba su da komai sai tsohuwar takardar ciniki, wasu ko ita babu. Ranar diyya ko ranar neman rance ake gane amfanin shaidar mallaka. Idan lungu guda ya ɗauki safiyo ɗaya, ya shigar da takardunsa a dunƙule a hukumar KANGIS, kuɗin na raguwa, kuma ba a cika wulaƙanta tawaga yadda ake wulaƙanta mutum ɗaya ba.

Ginin ƙasa

Gidan ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ƙafa da ta ka. Ta ƙafa danshi ne ke cin gindin katanga, shi ya sa aka ce kwata ce farko. Ta ka kuwa indararo ne ke toshewa ko ya gajarta, ruwa ya kwanta a soro ko ya riƙa bin bango. Gyaran mai sauƙi ne: a ɗaure gindin da dutse ko bulo zuwa gwiwa, a tsawaita indararo ya zuba a kwata, a yi yaɓe kafin kowace damina.

Abin da ba a so shi ne shafa siminti a kan katangar ƙasa. Shekara biyu yana kyau, amma yana kulle danshi a ciki. Ƙwanƙwasa shi ka ji yana amsawa kamar ganga, to ƙasar da ke bayansa ta riga ta ruɓe, wata rana kuma zai ɓalle faifai guda. Maginan da suna da nasu maganin: makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda sana'o'in ke ciyar da juna, abin da marini da majemi suka zubar shi magini ke rufe soro da shi. Tsofaffin da suka iya wannan, da ɗaurin guga, da jera azara, sun kusa ƙarewa. Duk aikin da za a ba su a haɗa su da samari biyu ko uku, a biya samarin su ma.

Ba na cikin masu cewa kowa ya dawwama a ginin ƙasa don baƙi su zo su ɗauki hoto. Mai son bulo da kwano yana da haƙƙinsa. Amma a zaɓi 'yan wurare a tsaya musu: tsohon zaure mai zanko, soro mai bakan gizo, masallacin unguwa, guntun ganuwa in ya rage. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27, kuma mutane na zaune a cikinsa suna harkokinsu. Wanda kuma zai ɗora bene, a yi yarjejeniya tun kafin ya zuba dakin: tagogin da ke kallon maƙwabta a ɗaga su sama da kai. Rigimar leƙen tsakar gida ta raba zumuncin da ya fi shekara ɗari.

Hanya, da maganar rusau

A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar Maroko, aka kiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, filin kuma ya koma na masu kuɗi. Talauci bai ragu ba, wuri kawai ya sauya. A Kano ma an ga shagunan da aka gina a kewayen Filin Idi zamanin wata gwamnati, wata ta zo ta rushe su a 2023. Katafila tana da sauri, amma abin da ta yi ba tare da yardar jama'a ba yakan tsaya ne iya wa'adin wanda ya turo ta.

Duk da haka hanya dole ce. Akwai mai naƙuda da tsakar dare, akwai makara, akwai gobara. Ba kowane lungu ke buƙatar mota ba. A nemi hanya ɗaya mai faɗin kamar mita 4 da motar kashe gobara za ta iya bi ta kusanci yankin, sauran kuma su wadatar da adaidaita sahu da masu ɗauke da gawa. Idan kuka auna za ku tarar yawancin matsin ba gidaje ne suka kawo shi ba, dakali ne, da matakala, da rumfar shago, da sokawe da aka haƙa a hanya, da turken raguna. A fara da waɗannan, kuma ɗan kwamiti ya fara fasa nasa dakalin kafin ya nuna na wani. Inda ba makawa sai an taɓa gida, a biya diyya kafin a taɓa, kwamiti ya mayar da katangar da kansa, wanda ya rasa ɗaki kuma a sama masa wani a cikin unguwar. Sai ƙa'ida mai aiki a hankali: duk gidan da aka rushe don sabon gini, ya ja baya ƙafa biyu.

Kasuwa da sana'a

Kurmi ba za ta kayar da Kwari a cinikin atamfa ba, kada ma a gwada. Ƙarfinta na wajen abin da ake yi da hannu a kewayenta: jakunkuna da takalman dukawa, kayan doki, turare, huluna, kayan ƙira, littattafan addini. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, tufar da aka saƙa aka rina a nan ya tarar tana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarsa da 1498, yana nan, ko da yake ramuka da yawa sun bushe. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, kuma kowane doki da ke cikinsa sai an yi masa sirdi da linzami da jalala. Masu saye na nan. Abin da ke korarsu shi ne rashin banɗaki mai tsafta, musamman ga mata, da caɓi, da duhu, da rashin inda za a ajiye abin hawa, da wayoyin lantarki da suka sarƙe a sama suna jiran ranar gobara. A gyara waɗannan kafin a yi maganar sabon gini. A kuma tsayar da lokacin sauke kaya, da asuba ko bayan magariba.

In har za a sake gina rumfuna, ga inda ake cutar 'yan kasuwa: a ce su tashi na ɗan lokaci, a gama gini, kuɗin shago ya fi ƙarfinsu, baƙi su shiga. Kafin a cire kwano ɗaya a rubuta sunan kowa da lambar rumfarsa da hotonsa, har da masu kasa kaya a ƙasa, a liƙa jerin a fili mako biyu don masu ƙorafi. A yi ginin layi-layi, a gama wannan mutanensa su koma sannan a taɓa na gaba. A rubuta cewa haya ba za ta tashi ba har wasu shekaru. Filaza mai hawa uku kuwa a yi hattara da ita, mai saye ba ya son hawa, saman yakan ƙare a sito.

Dare ma na cikin aikin. Fitila mai sola a kowace kwana, a ɗaure ta sama sosai. Mai shayi da mai tsire a ba su wuri mai kyau maimakon a kore su, domin lungun da ke da idon mutane ba ya daɗin ɓarna. Kangon da aka bari ya zama maɓoya a nemi magadansa su ba da aronsa a rubuce na shekara biyu ko uku, a share, ya zama ajin Islamiyya ko wurin ɗinkin mata ko filin wasan yara.

Kuɗi da hukuma

Karo-karo ya zama kaɗan-kaɗan, mako-mako, kuma ba daidai wa daida ba: mai shago da gwauruwa ba za su biya abu ɗaya ba, wanda ba shi da kuɗi ya biya da aikin gayya. Mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, lissafi kuma a liƙa shi a ƙofar masallaci kowane wata, da rasit. 'Ya'yan unguwa da suka fita kada a ce musu "a taimaka" kawai. A ce musu daga ƙofar gidan wane zuwa kwana buhun siminti kaza ne, a tura musu hoto ta WhatsApp kafin aiki da bayansa. Ɗan siyasa in ya kawo bulo a karɓa a yi godiya, amma kada a bari aikin ya ɗauki launin jam'iyya, don rabin lungun zai zare hannu.

Wajen hukuma a je da taswira da hoton abin da aka riga aka yi, da buƙata ɗaya tak, misali kwalbatin da zai haɗa kwatarku da lambatu. Izinin duk abin da ya shafi gini da hanya na hukumar tsara birni ne, KNUPDA, a nema a rubuce a ajiye kwafi. A shigar da buƙata kafin a haɗa kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Jadawalin kuma yanayi ne ke tsara shi: bincike da damina, taro da tara kuɗi da kaka, haƙa daga Nuwamba, a kauce wa aiki mai nauyi da azumi, a rufe komai kafin Mayu.

Akwai abin da ke biyo bayan nasara wanda ya kamata a tare shi tun a zaman farko. Lungu ya yi kyau, sai masu gida su ƙara haya, ɗan hayar da ya yi haƙa da hannunsa ya zama shi ne zai tashi. A sa a yarjejeniya cewa duk ɗan hayar da ya ba da gudummawa ba za a ƙara masa ba har shekara biyu, mai unguwa ya riƙe kwafi. A cikin takardar kuma a rubuta sunan wanda ke ajiye shebur da manjagara da baro, da wanda ke duba ramukan yashi, da ranar yashe kwata: Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, da babbar yasa guda kafin ruwan farko. A ware wani kaso na karo-karon don gyara, a ci gaba da karɓarsa ko bayan an gama gini. Da damina ɗaya ta wuce lafiya, ku gayyaci mutanen lungun da ke sama da ku su zo su gani, ku ara musu tiyon awo da birkilanku, tunda ruwansu da ledarsu a kanku suke sauka.